Lissafin da Na Jingina wa Auta

Jama'a, kafin wani ya zo ƙasan rubutun nan ya buɗe mini wa'azi, ku bari in faɗa da bakina: na yi ƙarya, kuma mako shida cur na shafe ina yin ta. Sai dai ba ni na yanko ta ba. Gwaggo ce ta yanka, ni kuma na zauna na kalmashe mata baki har ta yi kyan gani.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, ni tela ce. Labule nake ɗinkawa a wani shago mai keke huɗu a bakin titi, tsakanin mai gyaran fanka da mai sayar da katifa. Shekaruna ashirin da shida. Ina aji biyu a sakandare ciwon ƙafa ya kwantar da Umma, dole wani ya zauna da ita, kuma ni ce babba. Bayan shekara biyu Umma ta miƙe, ni kuwa kunyar zama aji ɗaya da ƙannen ƙawayena ta hana ni komawa. Autarmu ce ta yi karatun. Yanzu haka tana shekara ta biyu a makarantar jinya, tana auna magani da irin lissafin da ko kallonsa na yi sai kaina ya sara.

Gwaggo yayar Abbanmu ce, kuma tun ranar da ya rasu ta ɗauka kujerarsa gadonta ce. Ita ta samo mini wanda muke kira Mai Awo a gida, saboda awon filaye yake yi. Ɗan ƙawarta ne. Ranar da ya fara zuwa na sa doguwar rigata ruwan toka mai aiki a wuya, na shigo falo da tire. Ya amsa gaisuwata, ya kalle ni sau ɗaya ya sunkuyar da kai, sannan ya ce Gwaggo ta ba su labarina. Wai da kyakkyawan sakamako na gama sakandare, wai a lissafi ma babu wanda ya kama ƙafata a ajinmu, ɗinkin nan sha'awa ce kawai. Na juya na kalli Gwaggo. Ita kuwa sai gyara zaman ɗankwalinta take yi kamar ba da ita ake ba. Kun san me na yi? Murmushi. Na ajiye tiren na ce masa ya sha shayin kar ya huce.

Tsakani da Allah, da ba na son sa da abin ya zo da sauƙi. To ina son sa. Mutum ne da yake barin takalman aikinsa masu laka a bayan mota, ya sa wankakku kafin ya shiga gidan mutane. Biro uku ne a aljihun rigarsa, baƙi da shuɗi da ja, kullum a jere haka. In ya zauna a falonmu sai ya tashi ya gyara agogon bango, wai ya karkace. Saƙonsa na safe ƙarfe bakwai daidai yake shigowa, ba bakwai da minti ɗaya ba: "Barka da safiya, ranki ya daɗe. Da fatan an tashi lafiya." Wani lokacin haushinsa nake ji kamar in shaƙe shi, amma ranar da saƙon ya makara da minti goma, sau huɗu na kashe wayata na kunna. Kuma ya taɓa gaya mini, ba ma tambayarsa na yi ba, cewa a aikinsu in ka yi ƙaryar taku ɗaya, katangar wani ce za ta hau filin maƙwabcinsa, shi ya sa ba ya shiri da mai ƙara gishiri a zance. Na ce masa ai kuwa nima haka nake.

Abin da bai sani ba, wata takwas ke nan ina kokawa da lissafi a ɓoye. Akwai makarantar koyon zanen tufafi da yanka da nake mafarkin shiga tun ban san shi ba, kuma ba sa karɓar mutum sai da takardar shaidar lissafi ta manya. Ni fa in na tsaya gaban taga, kallo ɗaya zan gaya muku yadi nawa za ta ci har da tattara, kuma ba zan kuskure ko da faɗin yatsa ba. In za a raba yadi gida uku, ninke shi nake yi in goge in sa almakashi. Amma a rubuta mini wannan abin a takarda, ɗaya a sama uku a ƙasa, a ce in tara shi da ɗaya a sama huɗu a ƙasa, sai in ji kamar an zuba mini ruwa a kunne.

Babu abin da ban gwada ba. Na fara da tsohon littafin Auta, ashe tun tana yarinya ta yage shafukan amsoshin da ke baya ta yi jirgin takarda da su, don haka in na gama aiki babu mai ce mini na ci ko na faɗi. Na sauke wata manhaja a waya, wani kunkuru mai hula yana tafa mini in na yi daidai, in na kuskure ya zubar da hawaye. Ni da shekaruna, kunkuru yana mini kuka a cikin motar haya mutane suna leƙowa. Na goge shi. Na koma bidiyo, na faɗa hannun wani malami mai saurin baki da yake cewa "kamar yadda kowa ya sani" daidai wurin da ni ban sani ba. Na rubuta jadawalin sau a guntayen kwali na manna a jikin kekena, ina taka keke ina bakwai sau takwas, bakwai sau tara, har uwar ɗakina ta tambaye ni ko wuridi na soma.

A ƙarshe na shiga ajin manya. A wata firamare ake yin sa bayan yara sun tashi, yammacin Talata da Alhamis da kuma safiyar Asabar. Kujerun yara ne, in ka zauna gwiwarka tana gaisawa da haɓarka. Mu goma sha tara ne, ciki har da direban bas, da mai gadi, da mai walda, da wasu mata biyu masu kitso, sai Iya da take zama kusa da ni. Iya shara take yi a asibiti, ta haura hamsin. Takardar take nema don a ɗauke ta daga tsintsiya a mayar da ita mai taimaka wa masu jinya, kuma zango na uku ke nan tana nema. A bayan kwalayen magani take lissafinta lokacin hutun aiki, ta zo da su ɗaure da roba. 'Yata take ce mini, kuma kullum da alawa biyu a jakarta, ɗaya tawa ce.

Malamarmu tsohuwar malamar makaranta ce da ta yi ritaya, 'yar siririya mai gilashi a kan hanci. Gurbi uku kacal ake ba ajinmu a jarrabawar kowane zango, kuma ga yadda take zaɓen ukun. Duk Juma'a takan turo tambaya goma a guruf ɗinmu na waya, kowa ya yi a gida, ya ɗauki hoto ya tura mata kafin Litinin. Bayan mako shida ta haɗa maki. Ba ta gwaji a aji. Ta ce mu ba yara ba ne, wasunmu har jikoki gare su, ba za ta tsaya a kanmu tana gadi ba, kuma mutum ya fi tunani a ɗakinsa inda babu mai kallonsa. Mun ji daɗin maganar nan ƙwarai, ni har tafi na yi.

Lahadin farko na baje a kan tabarma bayan azahar da tambayoyina goma. Ta huɗu ce ta tsaya mini a wuya: 3(x − 4) = 18. Awa biyu ina kallonta tana kallona. Fanka tana juya iskar zafi, Auta tana kan gado tana waya tana ƙyalƙyala dariya, fensirina ya karye sau uku. Sai ga saƙon Mai Awo.

"Ranki ya daɗe, me ake yi?"

Haushi ne ya sa hannuna ya riga kaina. Na ɗauki hoton tambayar na cilla masa, kamar in ce ga abin da yake neman kashe ni. Sai da alamar ya gani ta fito sannan gabana ya faɗi.

"Wannan fa?"

"Aikin gidan Auta ne," na rubuta. "Bita ake musu daga tushe. Ta dame ni, ni kuma hannuna da ɗinki."

"Turo sauran."

Minti bakwai ya ɗauka. Hoto ya shigo: farar takarda an ja mata layi da rula, amsoshi da baƙin biro, bayani da shuɗi, wurin da ake yawan kuskure an zagaye shi da ja. A ƙasa ya rubuta, "Ki ce mata ta fara buɗe baka kafin komai. Kar ta karaya."

Wallahi niyyata in gwada nawa da nasa ne kawai. Na gwada, uku na ci cikin goma. Na kalli ukun nan, na kalli takardarsa tsaf-tsaf, na tuna Malama za ta buɗe hotona da gilashinta a kan hanci. Na ce bari dai in gyara guda biyu. Kun san yadda warwarar ɗinki take, ka ja zare ɗaya sai ka ga hannun riga a hannunka. Goma na tura mata. Mako na biyu ban wahalar da kaina sosai ba. Mako na uku shi da kansa yake tambayata tun yammacin Juma'a: "Aikin ɗalibarmu bai iso ba?" In tura, ya turo, in kwafe da rubutuna mai kama da tafiyar kaza, har in ɗan yi goge-goge a gefe don a ga alamar wahala. Malama ta riƙa sa mini "Madalla" a guruf kowa yana gani. Ranar wata Alhamis Iya ta turo mini kwalinta ta ce in nuna mata yadda ake raba kashi da kashi, tunda Allah ya buɗe mini. Na dafe goshi na ce kaina ke ciwo. Ta ba ni maganin ciwon kai daga jakarta, na kuwa haɗiye shi a gabanta.

Ana cikin haka Gwaggo ta kawo labulen ɗakinta shago a rage masa tsawo, ta ga kwalayen da na manna a keke. Ta tambayi uwar ɗakina, ita kuwa ta fesa mata labarin ajin manya, sai ta bari har muka koma gida. Ta tsare Umma a ɗaki, ni ina tsaye, ta wanke mu tas. Wai ita ta ƙarar da yawunta ta gina mini daraja a gidan mutane, ni kuma ina bin firamare da jaka kamar 'yar shekara bakwai. In wata daga danginsa ta gan ni ina fitowa fa? In bari a yi auren tukuna, bayan nan in na ga dama in koma har aji ɗaya. Na ce mata ai ba ni na aike ta ta ce na gama sakandare ba. Ta ce au, ranar da na yi murmushin nan ita ta ja mini kumatu? Umma tana ninkin kaya, zani ɗaya ta ninke sau uku ba ta ɗago ba. Sai da Gwaggo ta fita ta ce mini a hankali in dai yi abin da zuciyata za ta iya ɗauka. Ban bar ajin ba, amma na koma fita ta ƙofar baya, mayafi har goshi.

Ita kuwa Auta a bakin ƙofar gida ta karɓi nata rabon. Mai Awo ya zo ranar Laraba, suka yi kiciɓis tana dawowa da farar rigar makaranta. Ya tsayar da ita cikin tausayi ya ce kar ta damu, kowa da inda Allah ya buɗe masa, shi ma yana da abokin da bai gane aljabara ba sai da ya yi gemu. Yarinyar da ta zo ta ɗaya a lissafin magani fa. Ta shigo ɗaki ta rufe ƙofa ta jingina da ita.

"Yaya, me kika gaya wa mutumin nan a kaina?"

Na gaya mata. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sannan dariyar ta ɗauke. Ta ce ita da muke ɗaki ɗaya, gado da gado, me ya hana in tambaye ta? Na ce ita in tana koya wa mutum tsaki take yi. Ta ce to ta yi tsakin, tsaki yana kisa ne? Gaskiyar magana, ni na goya yarinyar nan, ni na koya mata ƙirga yatsu, ba zan iya zama gabanta in ce ban san tsakanin rubu'i da sulusi wanne ya fi girma ba. Ban faɗa mata haka ba, cewa na yi ta matsa mini daga ƙofa.

Asabar ɗin da ta wuce mako shidan suka cika. Na sa baƙar abaya da mayafi ruwan ƙasa, na isa da wuri. Malama ta shigo da takarda a hannu, ta rubuta sunaye uku a allo. Nawa ne a sama, maki sittin cikin sittin. Sai direba, sai mai gadi. Iya ce ta huɗu, maki biyu ne tsakaninta da mai gadi. Aka yi tafi. Iya ta rungume ni, ƙamshin sabulun asibiti a jikinta, ta ce dama ta san 'yarta za ta fitar da su kunya, ita kuma ba komai, zango na huɗu ma zango ne. Ta ciro alawa ta danƙa mini. Ina so in ce muku a nan zuciyata ta karye na miƙe na faɗi gaskiya. Ban miƙe ba. Na ɓare alawar na jefa a baki, ina ce wa kaina saura mako uku jarrabawa, in na dage wataƙila in haye.

Sai Malama ta ce tambaya ta bakwai ta makon ƙarshe ni kaɗai na ci, in taso in nuna wa 'yan'uwana yadda na yi. Ta rubuta 5x − 7 = 2x + 14, ta miƙo mini alli.

Na tsaya gaban allon. Ina ganin takardarsa a idona har inda ya zagaye da ja, na kuma san amsar bakwai ce. Amma tsakanin tambayar da bakwai ɗin akwai layi uku, kuma layukan nan sun gudu sun bar ni. Na tuna ana tsallakar da abu zuwa ɗaya gefen. Na tsallakar da 2x na bar masa alamarsa yadda take, sai ga 7x. Mai walda ya yi gyaran murya. Na goge da gefen mayafina, na sake, na sake gogewa. Alawar tana narkewa a bakina. Malama ta ce in kwantar da hankalina, allo yana ruɗa mutum, in faɗa da baki kawai me ya sa na fara da abin da na fara a takardata. Cikin taushi ta faɗa, kuma taushin ne ya gama da ni.

"Malama, ba ni na yi ba," na ce. "Duka shidan. Wani ne yake yi mini, ni kwafa nake yi."

Malama ta cire gilashinta ta goge ta mayar. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta tambaye ni in da hannuna ne nawa nake ci, na ce uku, wani makon huɗu. Ta ce da ukun na turo mata, da tuni ta san ta inda za ta kamo ni. Ta sa tafin hannu ta goge sunana, ta rubuta na Iya a ƙasa. Sannan ta warware tambayar a hankali, layi bayan layi, ta nuna cewa duk abin da ya tsallaka alamarsa juyawa take yi. Abin haushi, a lokacin ne na gane, ina tsaye kamar an dasa ni. Da ta gama ta juyo ta ce daga zango mai zuwa a aji za a riƙa gwajin, a gabanta, wayoyi a kan teburinta. Mai walda ya ja dogon tsaki. Ɗaya mai kitson ta ce ita da in ana kallonta hannunta rawa yake yi, shi ke nan an ja mata. Kallon da suka bi ni da shi har kujerata, ba sai na ba ku labari ba.

Iya ba ta yi murna ba, ba ta kuma kalle ni ba. Daidaita kwalayenta take ta yi tana mayar musu da roba. Da aka tashi na ce mata, Iya, ki yafe mini. Ta ɗago kai.

"'Yata, da ba a kira ki allo ba fa?"

Ta rataya jakarta ta ce in gaida Umma.

A ƙafa na koma gida, don ba zan iya zama kusa da kowa a mota ba. Haushin kowa nake ji: na Gwaggo da bakinta, na Mai Awo da saurin hannunsa, na wanda ya fara cusa haruffa cikin lissafi ba gaira ba dalili. In na zo kan kaina kuma sai in rasa ta inda zan fara. Sau biyar na rubuta masa saƙo a hanya. "Akwai maganar da nake so mu yi." Na goge. "Auta ba ta da wani aikin gida." Na goge. Na yanke shawarar sai gobe, in na huce na zaɓi kalmomi masu kyau.

Ina karyo kwanar layinmu sai ga motarsa a ƙofar gida. Ranar Asabar, ƙarfe ɗaya na rana, mutumin da Laraba da Lahadi ne ranakunsa.

Daga baya na ji yadda aka yi. Shi ya kira Gwaggo da safe ya ce abin yana damunsa, yi wa yarinya aiki ba taimako ba ne, yana so ya zauna da Auta awa ɗaya ya koya mata da kansa. Gwaggo ta tsare Auta ta tatsi labarin kaf, nan take kuma ta yanke hukunci: Auta za ta zauna ta zama daƙiƙiya na awa ɗaya don rufin asirin gida.

Na leƙa ta gefen labulen falo. An jawo teburin tsakiya, ga sabon littafi mai koren bango, ga akwatin rula, ga fensira biyu an feƙe su tsini ɗaya. Auta tana zaune a kan kafet da fensir a hannu, ta haɗe rai kamar an aiko mata da saƙon mutuwa. Gwaggo tana kujerar Abba cikin leshinta ruwan zuma da ba ta sawa sai za ta taro, tana kaɗa ƙafa. Umma tana bakin ƙofar kicin da tire, ta kasa shiga ta kasa komawa. Shi kuwa ya tattare hannun riga, yana tambayar Auta cikin haƙuri, in an tsallakar da lamba zuwa ɗaya gefen me yake faruwa da alamarta. Auta ta kalli silin, ta kalli Gwaggo, Gwaggo ta zare mata ido. Da wata murya da ban taɓa ji a bakinta ba Auta ta ce ba ta sani ba. Ya ce ba komai, a hankali za a gane. Na ga jijiyar wuyanta ta tashi, na ga idonta ya kawo ruwa. Ƙanwata ce, kuma ni na zaunar da ita a wurin.

Na yi sallama na shiga. Gwaggo ta ga farin alli a mayafina da hannuwana, ta yi caraf ta ce ai allin tela ne, daga shago nake, in wuce ciki in canza kaya in fito. Da na bi maganarta da an wuce wurin lafiya lau. Tambayar Iya ce ta riƙe mini ƙafa. A falon nan babu wanda ya kira ni allo.

"Auta, tashi," na ce.

Ta miƙe kamar dama jira take. Na zauna a wurinta, na karɓi fensirin na jawo littafin gabana.

"Alamar juyawa take yi," na ce masa. "Yau da safe na gane, a gaban aji guda. Aikin nan ba na Auta ba ne, nawa ne. Ban gama sakandare ba, a aji biyu na tsaya. Ajin manya nake zuwa, amsoshinka nake kwafa ina tura wa malamarmu, kuma yau an goge sunana."

Gwaggo ta ɗauki salati, ta ce yarinyar nan wasa take yi, rana ce ta buge ta a hanya. Umma ta ajiye tiren a ƙasa ta ce, "Yaya, ya isa haka." Shekara takwas da rasuwar Abba, ban taɓa jin ta katse Gwaggo ba sai ranar.

Shi kuwa ya kalli hannuna, ya kalli littafin. Ya warware hannun rigarsa ya ɓalla maɓalli, ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da rular cikin akwatinta ya rufe. Na so ya yi faɗa, ko ya yi dariya, ko ya tashi ya fice, ko ma mene ne dai in san inda nake. Tsoro nake ji, ba tsoron kunya ba, tsoron rasa shi. Da ya yi magana muryarsa ƙasa-ƙasa take.

"Rashin karatu ba ya ɗaga mini hankali," ya ce. "Mahaifiyata ba ta iya rubuta sunanta ba. Amma mako shida ina zama ina jan layi, ina jin daɗi wai ƙanwarki nake taimaka wa. Tambaya ɗaya zan yi miki, kuma amsarki nake so, ba ta wani ba. Cikin abin da aka faɗa wa gidanmu a kanki, sai me kuma?"

Na buɗe baki in ce babu, wallahi iyakarta ke nan. Sai na tuna ba na wurin ranar da Gwaggo ta je gidansu. Awa uku ta yi a can, ta dawo tana fifita da mayafi tana cewa ta gama komai, mu dai mu gode mata. Ban taɓa tambayarta me da me ta faɗa ba.

Na juya na kalle ta. Jama'a, matar da ban taɓa ganin ta sunkuyar da kai gaban kowa ba, ita ce take kallon kafet tana murza zoben hannunta.

"Gwaggo," na ce, "tambaya yake yi."